Bangon ɗakin Inna

Idan ka ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, amsa biyu yake bayarwa. Lafiyayyen bango ƙararsa gajeriya ce, a dunƙule, har yatsanka ya ɗan ji zafi. Wanda filastarsa ta saki jikinsa kuwa, sai ka ji kamar kana buga ƙwarya a kife. Ban san wannan bambanci ba sai a 2012, kuma na biya kuɗi masu ciwo kafin na koya. Har yau duk gidan da na shiga, da zarar mai gida ya juya baya, sai in tsinci kaina ina ɗan bubbuga gindin bangonsa. Matata ta ce wata rana za a kore mu daga gidan suna saboda wannan hali.

Abin da ya taso min da zancen shi ne wani abokin aikina a nan Abuja. Ruwa ya shiga gidan da yake zaune a Lokogoma, ya kai masa gwiwa, ya kwana ya janye. Kwana uku bayan nan ya same ni a ofis yana neman lambar mai fenti. Na ce masa ya zauna in ba shi labarin gidanmu na Jos. Bai saurara har ƙarshe ba, waya ta yi ta katse mu, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Gidanmu yana Gangare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa a Jos. Kakanmu ne ya gina shi zamanin da haƙar kuza take jawo mutane daga ko'ina zuwa kan tsaunin Filato. Ginin ƙasa ne, tubali na jar ƙasa, bangon da kauri har kana iya ajiye buta da fitila a kan taga su zauna lafiya. Daga baya mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya yi wa gidan abin da kowa yake yi a lokacinsa: ya buga sabon kwano, ya shafe bangon da filastar siminti ciki da waje, ya yi daɓen siminti a ɗakuna. In ka gani daga waje sai ka rantse ginin bulo ne. Mu kanmu 'ya'yan gidan mun manta cewa ƙasa ce a ciki.

Akwai kuma abin da ba wanda ya lura da shi, domin a hankali ya faru. Ina yaro, hawa ake yi a shiga zaurenmu, akwai 'yar matakala biyu. Kowace damina sai a zuba burji a layi, kowane maƙwabci ya ɗaga ƙofar gidansa, shara ta taru ta danne. Kafin 2012 matakalar nan ta nutse, sai dai ka gangara ka shiga zaure. Gidan yana nan inda yake, layi ne ya tashi ya bar shi a rami.

Daren Lahadi ne, 22 ga Yuli, a farkon azumi. An sauko daga asham ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan Yuli ba baƙo ba ne a Jos, ba wanda ya damu. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne rariyar tsakar gida. Maimakon ta fitar da ruwa, sai na ga tana amayo shi ciki, baƙi ƙirin, da ledoji. Kafin in gama kiran ƙanena ya zo mu toshe, ruwa ya ture ƙofar zaure. Goya Inna na yi a bayana muka fita, tana ta salati, tana cewa a ɗauko mata jakarta. Ba mu ɗauko ba.

Mu mun fita da ranmu gaba ɗaya. Wasu ba su fita ba. A Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo mutum fiye da 30 suka rasu a wannan dare, da yawa yara ƙanana, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka nutse. Rahotanni a lokacin sun ce madatsar ruwa ta Lamingo ce ta tumbatsa. Mu 'yan unguwa mun san da wannan, mun kuma san yadda muka matse rafi da gine-gine, muka mai da lambatu juji. Allah ya gafarta wa waɗanda suka riga mu. Ba zancen daren nan na zo yi ba, na abin da ya biyo baya ne.

Da gari ya waye ruwa ya janye, ya bar mana zane a bango daidai ƙuguna, layi guda miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magini. Ƙasa kuma taɓo ne har idon sawu. Ina shirin kutsawa ɗaki sai wani maƙwabcinmu mai gyaran wuta ya riƙo hannuna. Ya ce kada wanda ya taka cikin gidan sai ya cire fis daga jikin mita, domin ba wanda ya san lokacin da za a kawo wuta. Ya buɗe soket ɗaya ya nuna min, cike take da laka. Ladan wannan mutum yana wurin Allah.

Sai wari. Wanda bai taɓa shiga gidan da ambaliya ta kwana a ciki ba, ba zai gane ba. Ruwan da ya shigo ya biyo ta masai na unguwa kakaf, har da namu, ya haɗa da na kwata, ya zuba a rijiyarmu. Kwana huɗu muka yi da shebur da baro da kwanon sarki muna kwashe laka, ga azumi a baki. Mun yi sa'a mun kwashe tun tana da danshi. Maƙwabcin da ya bari tasa ta bushe sai da ya sa diga.

A nan na ga bambancin kayan da da na yanzu. Wadirof ɗin da na saya lokacin aurena, irin na garin katako da ake matsewa a lulluɓe da leda mai sheƙi, ya kumbura ya ruguje kamar burodi a shayi. Kujerun kushin suka sha ruwa suka ƙi fitar da shi, kwana biyu suka yi fumfuna, muka fitar da su bola. Katifu ma haka, duk da Inna ta so a shanya tata. Amma gadon ƙarfenta na aure, da akwatin katako na kakanmu, wanke su kawai muka yi da sabulu, muka shanya a inuwa. Akwatin yana nan har yau. Jakar Inna kuwa a ƙarƙashin gado muka tsince ta, takardun gida a ciki sun manne da juna. Ƙanwata ce ta zauna ta rarraba su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ta shimfiɗa a kan tabarma. Tawadar wasu ta gudu, amma hatimi da sa hannu sun fito. Hotunan mahaifinmu ne ba su tsira ba, fuskokin suka narke suka bi yatsa.

To daga nan ne na tafka kuskure, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Inna tana zaune wurin ƙanwata a unguwar Nasarawa, cikin Jos, kullum zancenta ɗaya: a ɗakinta za ta yi Sallah. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, sai dai ta ce da ƙanwata, "Ki gaya wa wannan yaron, ni ba zan yi Sallah a gidan suruki ba." Ga masu zuwa jaje suna shiga suna fita, kowa ya kalli zanen ruwan nan ya girgiza kai. Ni kunya ce ta dame ni. So nake a ce gidan wane ya tashi, kamar ba a yi komai ba.

Akwai wani tsohon magini a unguwarmu, sa'an mahaifinmu, tare suka yi makarantar allo. Baba magini muke ce masa. Ya zo jaje, ya zaga gidan yana dafa bango da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Na gaya masa ina so a yi faci a shafa fenti kafin Sallah.

Ya ce, "Ɗana, ruwan da ka gani ya tafi. Wanda bangon nan ya sha yana ciki. Ka fasa filastar nan daga ƙasa, ka bar ta a buɗe har iskar hunturu ta kaɗa."

Na ce, "Baba, hunturu fa? Wata biyar ke nan. Inna ta zauna a ina?"

Ya ce, "Gara ta zauna a gidan suruki da ta kwana a ƙarƙashin wannan."

A raina na ce tsoho ne, aikin zamani ya wuce shi. Na samo wani matashin birkila mai saurin hannu, wanda duk abin da na faɗa sai ya ce an gama. Muka toshe tsagogi da siminti, muka sake shafe inda filasta ta zube. Don bango ya bushe da wuri, muka jera kaskon gawayi uku a ɗakin Inna muka rufe ƙofa da taga. Ƙanena da ya shiga ƙara gawayi ya fito yana layi, kansa kamar zai tsage, sai da muka kwantar da shi a tsakar gida yana shan iska. Daga baya na fahimci cewa iskar da gawayi yake fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari, kuma kisa take yi. Mutanen Jos da sanyi yake sa mu kwana da kasko ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Bangon kuwa fatarsa kawai ta bushe. Muka bi shi da fenti mai mai, shuɗi, mai sheƙi, wai don ko ruwa ya sake zuwa a goge da tsumma.

Ranar Sallah gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Inna ta dawo, aka yi tuwo, 'yan uwa suka yi ta sa min albarka.

Ba a yi wata guda ba fenti ya fara ƙuraje. Ka latsa da yatsa ruwa ya fito. Sai wani farin gari kamar kanwa ya riƙa tsatsafowa a gindin bango, ka share yau gobe ya dawo. Bayan gado fumfuna ta yi baƙi, zannuwan Inna a cikin akwati suka ɗauki wari, ita kuma ta kama tari da ba ya jin magani. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, da asuba, ta aiko jikanta ya kira ni. Ta ce cikin dare ta ji bango yana zubar da ƙasa a ciki, kamar ɓera yana yawo. Na duba kusurwar da ke bayan gadonta, filasta ta yi ciki ta turo waje, ga tsaga ta hau har kusa da silin.

Da kaina na je na ɗauko Baba magini, ina sunkuyar da kai. Bai ce min "ai na faɗa maka" ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana sa ni in saurara. Ya karɓi guduma ya buga sau ɗaya, filasta ta faɗo faifai guda. Abin da ke bayanta ba tubali ba ne kuma. Ya cusa hannu ya damƙo, ya matse, ya miƙo min: laka ce mai sanyi, kana iya gina tukunya da ita. Wata uku bayan ambaliya.

Ya yi min bayani a tsaye a wurin. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, haka yake rayuwa tun zamanin kakanni, shi ya sa ake masa yaɓe da ƙasa 'yar uwarsa, ko a shafe shi da makuba. Siminti kuwa rufe shi yake yi. Muddin ruwa bai shiga ba, lafiya lau. Ranar da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga, ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta hawa cikin bango kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Shi ya sa ɓarnar take wuce zanen da ruwa ya bari. Ni kuma na zo na ƙara siminti, na bi da fenti mai mai, na ɗaure bakin tulu. Nauyin bango da rufi duk a kan gindin nan yake, gindin kuma ya koma kunu.

Ranar Inna ta koma Nasarawa. Wannan karon ba ta yi musu ba.

Aikin da aka yi na biyu shi ne na gaskiya, kuma yawancinsa jira ne. Da farko aka sayo katakai a kasuwar Katako aka tokare rufin ɗakin, don a sauke wa bangon nauyi. Sannan aka fasa filasta ciki da waje a gidan gaba ɗaya, daga ƙasa har kamu guda sama da zanen ruwa. Aka ɗaga ledar ƙasa, aka cire ƙofofi, aka bar tagogi a buɗe dare da rana. Gidan ya koma kamar kango. Masu wucewa suna tambaya ko sayarwa za mu yi. Wani ma har ya turo dillali.

Nuwamba ta wuce, Disamba ta shigo da sanyin nan na Jos mai fasa leɓe. Iskar da muke zagi kowace shekara ita ta yi mana aikin da gawayi ya kasa. Wani abokina injiniya ya koya min gwaji mai sauƙi: ka yanki farar leda kamar faɗin littafi, ka manna a bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a cikinta da safe, bango bai shirya ba. Na yi ta mannawa duk mako. Baba magini yana kallona yana dariya, shi kuncinsa yake kangawa a bango ya ce saura. Abin haushi, kullum amsarsu ɗaya da ledar.

Sai a Janairu ya yarda a taɓa ginin. Yadda ya yi da bangon ɗakin Inna ya burge ni har yau. Bai rushe shi ba. Ya riƙa fafe ruɓaɓɓen gindin kaɗan-kaɗan, bai fi taku guda a lokaci ɗaya ba, ya gina wurin da dutse da siminti, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri a kai don kada danshin ƙasa ya sake hawa, ya cike saman da busasshen tubali ya dandanne. Sai ya tsallake taku biyu ya fafe wani wurin, ba ya taɓa na kusa sai wancan ya kama. Dutse dai Jos ba ta rasa shi ba. Matashin birkilan nan da na fara ɗauka ya dawo yana yi masa lebura, yana kallo baki buɗe. Bango ɗaya ne kawai, na bayan gida wajen masai, Baba ya ce ba shi da magani, aka rushe shi aka tayar da bulo.

Wajen shafe bango muka ɗan yi ja-in-ja. Ni ina son siminti, don ido ya saba. Shi ya ce dutsen gindi a yi masa siminti, amma daga nan zuwa sama yaɓen ƙasa da yashi za a yi, a bi da farar ƙasa. Na ce farar ƙasa tana shafar riga. Ya ce, "Riga ana wanke ta, ɗana." Muka yi yadda ya ce. Duk shekara biyu ana sake shafawa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Sauran gyare-gyaren ba su da dogon labari. Mai gyaran wuta ya sauya duk wayar da ta nutse, ya ɗaga soket-soket zuwa daidai ƙirji. Rijiya aka yashe ta har ƙasa, aka zuba sinadarin kulorin, aka sake kwashe ruwan, aka ɗaga bakinta da bulo aka yi mata murfi. Duk da haka mun daɗe muna tafasa ruwan sha, domin a unguwa irin tamu rijiyar wani tana jingine da masan wani, kuma amai da gudawa bayan ambaliya yake bi. Ƙofar zaure aka yi mata dakali mai tsayi, yanzu sai ka hau sannan ka sauka, tsofaffi suna ƙorafi. Tsakar gida aka cike ta da burji aka karkata ta, aka sauya wa rariya hanya zuwa inda layi ya fi gangara.

Lambatun layi kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya. Shekarar farko bayan ambaliya kowa ya fito aikin gayya, har da masu kuɗin unguwa. Shekara ta biyu rabi suka fito. Yanzu in ƙanena ya yi shela kafin damina, yara ne suke zuwa, su ma don a saya musu ƙosai. Ledar ruwa da robobin lemo sun koma inda suke.

Mutane a Abuja sukan tambaye ni, me ya sa ba mu sayar mun tashi ba? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gidajen da ke bakin rafi sosai waɗanda ni ma zan ce a tashi, gyara ba zai cece su ba. Amma wanda ya san Jos ya san cewa tun rikicin 2001 ba ko'ina mutum yake ɗaukar iyalinsa ya koma ba, unguwannin da hankali yake kwanciya a cikinsu kuma sun cika sun batse, fili ya yi tsada, shi ya sa ake ta gangarawa bakin ruwa. Ban da haka, a ɗakin nan Inna ta haife mu duka. Na taɓa gwada yi mata zancen wani gida a kan tudu. Ta dube ni ta ce da ƙanwata, "Ki tambaye shi ko a can ma akwai kabarin ubansa kusa."

Ta koma ɗakinta a Fabrairun 2013, wata bakwai bayan daren nan. Da na bi maganar Baba magini tun farko, da wataƙila lokaci guda za ta koma, ba tare da na biya kuɗin siminti da fenti sau biyu ba, ba tare da ta kwana wata biyu a gindin bangon da ke shirin zama a kanta ba. Wannan na ƙarshen ne yake hana ni barci in na tuna. Baba magini ya rasu 'yan shekaru bayan haka, Allah ya haskaka kabarinsa. Kuɗin aikinsa ma sai da na yi da gaske ya karɓa cikakke, wai mahaifinmu ya taɓa biya masa kuɗin asibiti.

Jakar takardu yanzu a ƙusa take rataye, can sama kusa da silin, an naɗe ta cikin leda biyu. Inna da kanta take hawa kujera ta duba ta duk farkon damina, ta hana kowa taɓawa. Da na je gida Sallar da ta wuce, na shiga gaishe ta, na durƙusa, hannuna ya kai gindin bango ba tare da na sani ba. Ta ji ƙarar, ba ta ko ɗago daga carbinta ba.

Ta ce, "Na riga ka. Jiya na buga."